Yadda zaka haɗa wa yara wasan tsallake-tsallake irin na Parkour a fili

Duk mai riƙe da waya ya taɓa cin karo da bidiyon samarin nan masu gudu a saman bene, su dira daga wannan rufi zuwa wancan, yaranmu ma suna kallo, kuma wallahi wasu har gwadawa suke a katangar makaranta ba tare da kowa ya nuna musu yadda ake dira ba. To ni abin da nake so in yi bayani ba wancan na saman bene bane, wasa ne na ƙasa-ƙasa wanda malamin motsa jiki ko kocin unguwa ko ma babban yaya a gida zai iya haɗawa da tsoffin tayoyi da benci da alli, yara su samu zafin nama, su iya riƙe jikinsu ba tangaɗi, kuma a tashi kowa lafiya lau.

Asalin abin, wato wannan gudu da tsallake-tsallaken da ake kira Parkour, daga Faransa ya fito, a wani gari da ake kira Lisses kudu da birnin Paris, wajen ƙarshen shekarun 1980, inda David Belle da abokansa suka mayar da gine-ginen unguwarsu wurin atisaye. Mahaifinsa Raymond Belle ɗan kwana-kwana ne a Paris, irin mutanen da aikinsu ya dogara da hawa da sauka cikin sauri ba tare da sun ji ciwo ba, shi kuma horon da ya samu yana da tushe a tsarin wani sojan ruwa mai suna Georges Hébert, wanda ya gina atisayensa a kan abubuwan da jikin ɗan Adam ya saba yi tun asali, tafiya da gudu da tsalle da rarrafe da hawa da riƙe jiki da sauransu, kuma aƙidarsa ita ce mutum ya yi ƙarfi domin ya amfani jama'a. Na kawo wannan ne saboda ya nuna maka inda zaka sa gaba, manufar ita ce yaro ya tashi daga nan ya isa can cikin sauƙi kuma lafiya, alkafura da burge 'yan kallo basa cikin lissafinmu ko kaɗan.

Fara da fili. Wuri mai yashi ko ciyawa kake nema, filin firamare ko gefen filin ƙwallo, taku ashirin a tsaye taku ashirin a kwance ya ishe ka. Kar ka yarda da siminti ko kwalta a farko. Kafin yara su iso ka bi filin da ƙafarka ka tsince fasasshiyar kwalba da ƙusa da guntun ƙarfe da ƙaya, kuma wannan aikin kullum ne ba ranar farko kaɗai ba, domin fili na kowa ne, baka san me aka zubar jiya da dare ba. In lokacin hunturu ne ƙasa ta bushe ta yi tauri to ka nemi ɓangaren da yashi ya fi yawa, ko ka sassaƙa wurin dira da fartanya. In damina ce aka yi ruwa kayan suka jiƙe, a haƙura da hawa kan taya da katako a ranar, santsi ne ke kada mutane fiye da komai.

Kayan wasa ba sai ka kashe kuɗi sosai ba. Tsoffin tayoyin mota kamar shida zuwa takwas daga wurin mai faci, amma ka shafa cikinsu da bayansu a hankali ka tabbata wayar ƙarfe bata fito ba, ka kuma girgiza kowace taya kafin a fara saboda kunama da ruwan da ke kwanciya a ciki. Benci ɗaya ko biyu masu ƙwari waɗanda basa rawa, dogon katako mai kauri kamar mita uku wanda zaka kwantar a ƙasa, alli ko toka ko gawayi na zana layi, igiya, da usur. Bulo kam ni bana son sa, yana farfashewa a ƙarƙashin ƙafa kuma gefensa na yanka ƙwauri, in dole sai ka yi amfani da shi to ka kwantar da shi a faɗinsa ka binne rabinsa a ƙasa. Dokar tsawo guda ɗaya ce a watan farko, babu abin da za a hau ko a diro daga kai da ya wuce gwiwar yaron da zai hau. Gwiwarsa shi fa, ba taka ba.

Yara goma zuwa goma sha biyu sun isa ga babba ɗaya, in sun fi haka ka nemi mataimaki ko ka raba su zuwa rukuni biyu, domin idonka ba zai iya bin ƙafafu arba'in a lokaci guda ba. Ka raba su da girma, 'yan shekara bakwai zuwa tara daban, goma zuwa sha huɗu daban. Silifas a cire, shi ne babban mai jawo targaɗe, ko dai kambas mai ɗaure ko kuma ƙafa zalla in har ka tabbatar filin tsaf yake. Doguwar riga a naɗe ko a cire, aljihu a zazzage, ba biro ba makulli ba tsinken sakace. 'Yan mata ma suna yi kuma sau da yawa sun fi maza natsuwa a kan katako, wando a ciki da ƙaramin hijabi wanda ba zai shiga tsakanin ƙafafu ko ya maƙale a benci ba, in son samu ne malama mace ta jagorance su a nasu rukunin, iyaye sun fi sakin jiki da hakan.

Ɗumama jiki minti goma, kar a tsallake shi. Sassarfa zagaye biyu, a jujjuya idon sawu da wuyan hannu da kafaɗa, a ɗan yi tsugune-miƙe, sannan a yi rarrafe da hannu da ƙafa ba tare da gwiwa ta taɓa ƙasa ba, hannun dama na tafiya tare da ƙafar hagu, baya a miƙe, ɗuwawu kar ya yi sama. Taku goma gaba, taku goma da baya. Zakaga suna dariya a farko, kafin su dawo kowa na haki. In kana son su ji daɗi ka ƙara da langa na minti biyu, ai wasan da muka gada ne kuma tsalle da ƙafa ɗaya da ake yi a cikinsa shi ne ainihin abin da idon sawu ke buƙata kafin abin da ke tafe.

Yanzu sai dira, kuma nan ne zaka daɗe, dan Allah kar ka yi gaggawar wuce nan ko da yara sun dame ka da malam yaushe zamu fara tsalle. Duk wasan a kan dira aka gina shi. Ka jera su a layi ɗaya a ƙasa ba a kan komai ba, su yi ɗan tsalle sama su dawo inda suke. Abin da kake dubawa: gaban ƙafa ne ke fara taɓa ƙasa, wato tudun nan da ke bayan yatsu, ba dunduniya ba kuma ba kan yatsu tsirit ba. Gwiwa ta lanƙwasa, ƙugu ya koma baya, ƙirji ya ɗan sunkuyo, hannuwa a gaba. Ƙafafu a buɗe daidai faɗin ƙugu, gwiwoyi su bi inda yatsun ƙafa suka kalla, in ka ga gwiwoyin yaro suna haɗuwa ciki yayin dira ka tsayar da shi ka gyara nan take, domin ta nan ne jijiyar gwiwa ke lalacewa, kuma an fi ganin wannan a yaran da ke tsakiyar girma. Kar kuma ya durƙushe gaba ɗaya har ɗuwawu ya bugi dunduniya, ya tsaya a tsakiya inda cinya ke riƙe da nauyin.

Dalilin duk wannan mai sauƙi ne. In ka diro da ƙafa a sandare, ƙarfin bugun gaba ɗaya yana shiga ƙashi da gaɓa a lokaci guda, daga dunduniya har gadon baya. In ka lanƙwasa kuwa, tsokar sha-raɓa da ta cinya da ta ɗuwawu ke karɓar nauyin a hankali, bugun ya rarrabu. Kuma kunnenka zai gaya maka wanne aka yi tun kafin idonka, dira mai kyau bata da ƙara, kamar ta mage in ta sauko daga katanga, dira marar kyau kuwa tim kake ji. Saboda haka ka mayar da shi gasa tun daga nan, ka juya musu baya, kowa ya yi tsalle ɗaya bayan ɗaya, wanda ka ji dirarsa ya sake. Yara na son wannan sosai, zakaga masu hayaniyar ma sun yi tsit suna sauraron ƙafar juna.

Sai tsallen auna wuri. Zana layi biyu a ƙasa, yaro ya tsaya yatsunsa a bakin na farko, ya wurga hannuwa baya sannan gaba, ya tashi da ƙafa biyu ya dira da ƙafa biyu gaban ƙafarsa a kan layi na biyu, ya tsaya cak har ka ƙirga uku. In ya ƙara taku ko ya dafa ƙasa to bai ci ba, ko da nisan ya kai. Masu wannan wasa suna auna nisa da tsawon tafin ƙafarsu ne, dunduniya a jikin yatsa, kuma haka ya fi adalci domin kowa da ma'auninsa, ka fara musu da ƙafa uku ko huɗu, kar a ƙara sai yaro ya tsaya cak sau biyar a jere. Ka gaya musu ido ya tsaya a daidai inda ƙafa zata sauka tun kafin a tashi. Sai sun iya a layin alli sannan ka mayar da su kan katakon da ke kwance, daga baya kan taya, ita taya tana lotsawa don haka ta fi wuya fiye da yadda ake zato.

Tafiya a kan katako ita ce ta riƙe jiki. Abu uku ne ke tsayar da mutum daidai, ido, da wani sashe na cikin kunne mai jin karkatar kai, da kuma jin da tafin ƙafa da gaɓoɓi ke aikawa ƙwaƙwalwa, kuma dukansu suna ƙaruwa da maimaici. Yaro ya kalli ƙarshen katakon ba yatsunsa ba, gwiwa a ɗan sake, hannu a buɗe, ya tafi a hankali. In ya iya sai ya dawo da baya, sai ya juya a tsakiya, sai ya tsuguna ya ɗauki murfin kwalba ya miƙe, sai biyu su haɗu a tsakiya su wuce juna ba wanda ya sauka. Wanda ya ƙware ka sa shi tsayuwa da ƙafa ɗaya a ƙasa ido a rufe daƙiƙa goma, nan zai gane yadda ya dogara da ido.

Ƙetare benci kuma ka koya musu salo ɗaya tak, hannu ɗaya a kan benci, ƙafar ɗaya ɓangaren ta taka saman bencin a gefe, ɗayar ƙafar ta zura ta tsakaninsu ta sauka. A yi da tafiya tukuna, dama da hagu, kuma wani ya danne bencin. Mirginawa ta kafaɗa wadda kake gani a bidiyo, wadda ke bi daga kafaɗa ɗaya ta ratsa baya zuwa ƙugun ɗaya gefen ba tare da kai ya taɓa ƙasa ba, ni shawarata ka bar ta sai in kai kanka ka iya ta sosai kuma kana da katifa ko yashi mai laushi, a tsawon gwiwa ba a buƙatarta.

To ga wasan kansa. Sunansa ƙasa wuta ce. Ka shimfiɗa hanya daga wannan gefen fili zuwa wancan, misali da'ira uku na alli, sai taya biyu, sai katako, sai benci, sai igiya da aka ɗaure ƙasa-ƙasa wadda za a rarrafa ta ƙarƙashinta a cikin layi biyu da ka zana, sai taya ta ƙarshe. Duk inda ba waɗannan ba wuta ne. Yaro ɗaya ke shiga a lokaci guda, na biyu ba zai tashi ba sai na farko ya wuce katako, kar ka sassauta wannan saboda gudun karo da juna. Kowa na farawa da maki goma. Ya taka wuta, a cire biyu ya koma abin da ya baro ya ci gaba. An ji ƙarar dirarsa, a cire ɗaya. Ya isa tayar ƙarshe bai tsaya cak na ƙirga uku ba, a cire ɗaya. Agogo baya cikin wasan a makonnin farko, kuma da gangan ne, ranar da ka fara cewa waye ya fi sauri ranar zasu watsar da duk dirar da ka koya musu. Ka raba su ƙungiya biyu a haɗa makin kowa, ta haka babba zai tsaya yana nuna wa ƙarami inda zai sa ƙafa maimakon ya yi masa dariya. Waɗanda ke jiran layi su ne alƙalan kunne, su suke cewa an ji ko ba a ji ba, amma hukuncin ƙarshe naka ne.

Bayan zagaye biyu ko uku ka sauya wani abu guda, ko a bi hanyar daga ƙarshe zuwa farko, ko a riƙe kofin roba da ruwa rabi a kan katako, ko ka ce wannan karon ƙafar hagu ce ke fara komai. Abin da na fi so shi ne in bar ƙungiya ɗaya ta shirya wa ɗayar hanya, da sharaɗin duk abin da suka shirya sai mafi ƙanƙanta a cikinsu ya fara bi ya wuce, wannan sharaɗin kaɗai ya isa ya hana su tsara mugunta, kuma yana koya musu kallon wuri su auna shi da ido, wanda shi ne rabin wasan.

In sun yi kamar wata guda dirarsu ta zauna, sai ka kawo kamu. Akwai wata gasa da ta samo asali daga Ingila da ake kira World Chase Tag inda mutum ɗaya ke bin ɗaya a cikin fili mai shingaye na daƙiƙa 20 kacal, kuma wannan tsarin ya dace da yara sosai. Ka warwatsa tayoyi da benci a cikin fili kamar taku goma sha biyu kowane gefe, biyu kawai ke shiga, ɗaya na gudu ɗaya na kamu, ka busa usur ka ƙirga 20. Taɓawa da tafin hannu ne a baya ko kafaɗa, ba turi ba jan riga ba taɗiya. Wanda ya tsira ya ci maki ɗaya ya sake gudu da sabon mai kamu, wanda aka taɓa ya fita mai kamun ya zama mai gudu. Daƙiƙa 20 kamar kaɗan ce amma gwada ka gani, a nan ne zafin nama na gaske ke fitowa, birki da juyawa da yaudarar ƙafa. Ka haɗa sa'o'in juna a girma, kuma ka cire katako daga filin kamu saboda tuntuɓe.

Yara iri biyu zasu baka aiki. Akwai marar tsoro wanda tun ranar farko yake hangen katanga, shi kar ka tsawata masa kawai ka ƙyale, ba shi abu mai wuya a ƙasa, layi siriri, dira da ƙafa ɗaya, ko ka naɗa shi mai nuna wa sauran, zai gane akwai wahalar da ba ta tsawo ba. Akwai kuma wanda zai tsaya a bakin layi ƙafarsa ta ƙi tashi, shi kuma dan Allah kar a tura shi kar a bari a yi masa ihu, matso masa da layin har ya zama abin da zai iya, ya ci sau uku, sannan ka ja baya da faɗin hannu ɗaya. Ka kafa doka kowa ya ji, duk wanda ya ce ban shirya ba an bar shi, ba gori. Ni a ganina yaron da ya iya duba tsalle ya ce wannan ya fi ƙarfina yau ya koyi abin da ya fi tsallen kansa amfani.

Gaba ɗaya zaman kar ya wuce minti 45 zuwa awa ɗaya, sau biyu ko uku a mako da hutun kwana a tsakani, da safe ko bayan La'asar in rana ta yi sanyi, da ruwan sha a gefe, a lokacin zafi kuma ka rage. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su samu motsa jiki na kimanin minti 60 a kullum, to wannan wasan ya cike wasu ranakun, sauran ƙwallo da guje-gujensu na unguwa su cike. Ka sa tsalle-tsallen a farkon zama lokacin da ƙafa ke da ƙarfi, da ka fara jin tim tim daga yaran da ɗazu ba a jin dirarsu to gajiya ce ta zo, a koma katako ko a tashi.

In an samu targaɗe a zaunar da yaro, a ɗaga ƙafar, a sa ƙanƙara a cikin tsumma kamar minti 15, ba a murzawa ba a ja. In bai iya taka ƙafar ba, ko wurin ya karkace, ko ya kumbura sosai nan da nan, asibiti za a kai shi a ɗauki hoto. In kai ne ya bugu yaro ya yi amai ko jiri ko ya rikice, shi ma asibiti kai tsaye kuma ba zai koma wasa a ranar ba ko ya ce ya warke. Yaro mai tasowa da ke yawan kukan ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa ko a dunduniya ka ɗauke masa tsalle na ɗan lokaci ka sanar da iyayensa. Ka riƙe lambar wayar iyayen kowa tun ranar farko, ka tambaye su ko akwai mai asma ko sikila ko farfaɗiya domin ka san yadda zaka tafi da shi. In an tashi yaran ne zasu kwashe kayan da kansu, tayoyi a jingine su a inda ruwa ba zai taru a ciki ba saboda sauro, benci da katako kuma a kulle su a aji ko shago, kar a bar hanyar a shimfiɗe ƙanana su zo su hau ba babba a wurin.